Daminar da Na Ari Sunan Nkechi

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Bukuru ba. Ruwan ƙarshen damina ne, irin wanda ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba a hankali kamar mai kukan da ya rasa mai rarrashi. Jiya da la'asar ina zaune a shago ina kafa hannun wata riga, sai ƙaramar talabijin da ke kan kanta ta nuno wata yarinya a wata ƙasa mai nisa. Kyautar gwarzuwar sababbin 'yan ƙwallon kwando aka ba ta, wato wadda ta fi kowa cikin matan da suka shigo gasa a shekararsu ta farko. Aka kira sunanta, sunan ya fito ɓaro-ɓaro a ƙasan allo, wani dattijo ya taso daga cikin jama'a ya rungume ta. Ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Warin jiƙaƙƙen siminti ya shigo mini hanci, alhali babu siminti kusa da ni.

Shekarar da nake tunawa tana cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da azumi ya faɗo a wutsiyar damina. Ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare, tsawona ya kai in sunkuya kafin in shiga ɗakin Inna. Mahaifina, Malam Audu, tela ne. Kakansa haƙar kuza ta kawo shi garin nan, shi kuwa allura ya gada daga wajen kawunsa. Shagon da nake zaune a cikinsa yanzu nasa ne, keken ma nasa ne, har ƙusar da yake rataye rediyonsa tana nan a bango.

Abu biyu nake so a duniya a lokacin: littattafan soyayya da nake haya a bakin kasuwa, da ƙwallon kwando. Littattafan sun koya mini cewa duk wani ɓoyayyen al'amari yana da ranar bayyana, kuma ranar takan zo da hawaye da yafiya da rungumar juna. Ƙwallon kuwa Amaka ce ta koya mini. 'Yar ajinmu ce, iyayenta 'yan kasuwa ne da suka zo daga kudu tun kafin a haife ta, suna zaune a unguwar Congo-Russia da ke Jos. Hausarta ta Jos ce zalla, ba ruwanta da mace ko namiji.

Tun ina aji huɗu na taɓa tambayar Baba ko zan shiga ƙungiyar makaranta. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce, "'Yata ba ta tsalle a gaban jama'a." Magana ɗaya ce, ya faɗe ta tsakanin yanke zare da neman almakashi. Ni kuwa na ɗauke ta na riƙe kamar hukuncin alƙali. Ban sake tambaya ba.

Da Amaka ta kai ni ƙungiyarsu a cikin garin Jos, mai horarwa, wanda kowa ke kira Oga Koci, ya sa na jefa ƙwallo goma. Takwas suka shiga. Ya daɗe yana kallona kamar mai tayin saniya.

"Ina kika ɓuya duk shekarun nan? Ga takarda, ki kai wa babanki ya sa hannu, mu yi miki katin gasa."

Na ce, "Oga, ba zai sa ba."

"Kin tambaye shi?"

"Na san shi."

Amaka ta sa baki. "Oga, katin Nkechi fa? Ya yi aure ya tafi, katin yana cikin durowa yana barci."

Nkechi yayarta ce. Shekara uku ta yi a ƙungiyar tana ɗumama benci, ba wanda ya riƙe fuskarta. Hoton da ke jikin katin ruwa ya taɓa shi, ba abin da ya rage sai goshi da kunne ɗaya. Oga Koci ya juya katin, ya sake juyawa. Ya ce in ji da kyau: in kwamitin gasa ya gano katin ba nawa ba ne, duk wasan da muka ci za a soke shi, ƙungiya ta koma ƙasa. Na ce na ji. Gaskiya ban ji ba, hankalina yana kan rigar da aka miƙo mini mai lamba tara. A gida kuwa na ce na samu wajen koyon kwamfuta a cikin gari, kullum bayan azahar.

A shekarar aka fito da kyautar sababbi. Ƙaramin kofi ne, da gayyatar gwaji a wata babbar ƙungiya a Legas, sannan a karanta sunan wadda ta ci a shirin wasanni na ranar Asabar. Wannan na ƙarshen shi ya shiga raina. Baba ba ya kashe rediyo. Na tsara abin a kaina tamkar babin ƙarshe na littafi: za a miƙo mini kofi, in karɓi makirfo, in ce sunana Rabi Audu, Baba ya ji daga shago, almakashi ya faɗi daga hannunsa, hawaye ya zubo masa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mai katin shekara huɗu za ta ci kyautar sabuwa ba. A littafi ba a duba kati.

Sai azumi ya kama, ruwa kuma ya ƙi tafiya. Tsofaffi suna cewa sun daɗe ba su ga damina mai naci irin wannan ba. Dankalin Turawa ya ruɓe a ƙasa tun kafin a tone shi, wanda ya iso kasuwa kuwa in ka latsa sai ruwa. Tumatir ya zama abin kallo. Itace ba ya bushewa, Inna takan durƙusa tana hura murhu har idanunta su yi ja, hayaƙi ya cika tsakar gida ya ƙi tashi sama. Kunun tsamiyarmu ya tsinke har kana ganin gindin kofi. Wutar lantarki in ta tafi sai ta kwana uku, don haka Baba ya jawo kekensa bakin ƙofa yana farautar hasken rana, feshin ruwa yana taɓa yadin mutane, yana karewa da kafaɗarsa.

Da safe nakan tari ruwan indararo in cika randa, in taya Inna tsince acca, sannan in zauna a shago ina sa maɓalli a kayan Sallah har a kira azahar. Daga nan in ɗauki littafina na kwamfuta, wanda ban taɓa rubuta komai a cikinsa ba bayan shafin farko, in hau bas. A gidan su Amaka nake canza kaya. Mamarsu ce ke ajiye mini riga da dogon wando da kambas, tana shanya su a gefen gawayin da take gasa masara. Ba su taɓa bushewa sosai ba. Sanyin jiƙaƙƙen kambas a ƙafar mai azumi wani abu ne da har yau ban sami sunansa ba. Yakan hau ta ƙwauri ya zauna a cikin ciki, wurin da abinci ya kamata ya zauna.

Filinmu siminti ne a sarari, ba rufi. Yana da kwari a wajen kwandon gabas inda ruwa ke taruwa har ya rufe idon sawu. Al'adar gasar kuwa, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya san ta, ita ce sababbi ke share ruwa. Tsohuwar 'yar wasa ba ta taɓa tsintsiya, ko da shekara ɗaya ta girme ki a fili. Takan zauna ta ɗaure igiyar takalmi tana yi muku tsiya. Mu huɗu ne sababbi a ƙungiyarmu. Mukan jera da tsintsiyar kwakwa mu tura ruwan zuwa lambatu, sannan mu ja buhunan algarara a kai har simintin ya yi duhu-duhu ba ƙyalli. Wani lokaci muna gamawa sai sama ta sake buɗewa. A takarda ni tsohuwa ce, amma a cikin ƙungiya kowa ya san gaskiya, ba wadda za ta ɗaga mini ƙafa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Mu uku ne masu azumi. Zuwa la'asar harshena yakan manne da dasashi, kwando ya riƙa rabuwa biyu a idona, sai in auna tsakaninsu in jefa. Amaka ba ta shan ruwa a gabana, sai ta zagaya bayan allon maki.

Na ce, "Ke, sha abinki mana. Azumina ne ko naki?"

"Nkechi yana azumi, ni ƙanwa in sha a gabansa? Ka so Mama ya kashe ni?"

'Yan kallo sun ga Nkechi da dogon wando da ɗankwali ɗaure tam, sai suka yanke cewa 'yar wata coci ce mai tsanani. Ba wanda ya tambaya. Yawanci a cikin bas nake shan ruwa, wajen gadar da ke kan hanyar Bukuru, da dabino biyu da nake ƙullewa a bakin mayafi. In an kira salla direba ya rage rediyo, kowa ya lalubi abin da ke jakarsa, a miƙa wa na kusa, gilashi ya yi hazo da numfashinmu.

Asabar ta biyu a cikin azumi ina shago ina sa maɓalli, mai shirin wasanni ya ce wata sabuwar tauraruwa ta fito, Nkechi mai ɗankwali, hannunta ba ya kuskure. Allura ta shige mini yatsa. Muryar mutumin nan mai taushi ce, mai zurfi, na riga na ba shi fuska a raina: dogo, mai saje, da farar shadda. Na ma fara tunanin yadda zai nemi gidanmu.

Baba ya ƙara murya. Ya ce, "Ka ji yarinya."

Daga ranar ya zama ɗan goyon bayanta. In mai karɓar ɗinki ya zo, sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin Nkechi, maki nawa ta ci, wa ta tsallake. Har ya ce wa liman, 'yar Ibo ce amma ta fi wasu 'ya'yan Musulmi kamun kai. Ina gefe kaina a sunkuye, daɗi da tsoro suna kokawa a ƙirjina. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa. Sai in tuna babin ƙarshe da na tsara, in ce bari ranar ta zo da kanta.

Ranar ta zo ana saura kwana uku Sallah. Wasan ƙarshe ne, ƙungiyar da ta ci za ta wakilci jiha a zagaye na gaba. Ƙungiyarmu ba ta taɓa kaiwa nan ba. Da hantsi aka yi ƙanƙara, ta farfasa ganyen ayabar da ke bayan fili, ta bar siminti kamar tafki. Sababbin ƙungiyoyin biyu suka fito da tsintsiya. A sauran wasanni Oga Koci yakan ja ni gefe in manyan kwamiti suna nan, amma ranar yana can yana gardama da alƙalin wasa a kan lokaci. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba. Na ɗauki tsintsiyata na shiga layi.

A ƙarƙashin rumfar kwano wata mata tana zaune da babban littafi a cinyarta, sakatariyar kwamiti, ana ce mata Madam. Kusa da ita wani gajeren tsoho ne da rigar sanyi mai ɓallallen maɓalli, yana riƙe da rikoda. Da ya yi magana na gane muryar, ta mai shirin wasanni ce. Ko dariyar kaina ban samu na yi ba, domin na lura Madam ni take kallo, tana rubutu.

Wasan kansa kaɗan nake tunawa. Na tuna ƙwallo tana da nauyi don ruwa, tana barin tabo a tafin hannu. Na tuna Amaka ta zame a kwarin gabas ta tashi da jini a gwiwa tana ihu, "Nkechi, jefa, don ubanka jefa!" Na jefa. Mun ci da maki uku. 'Yan ƙungiyarmu suka zube a jiƙaƙƙen siminti suna kuka, har da manyan da ba su taɓa yi mini magana mai daɗi ba.

Kafin a fara rabon kyauta aka ce Madam tana kirana. Oga Koci ya biyo ni, Amaka tana ɗingishi a bayansa. Kofin yana kan tebur, ƙarami ne ƙwarai, bai kai kofin shan kunu na Baba ba, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Madam ta ce, "'Yata, zauna. Mu biyar ne a kwamiti, mu biyar ɗin ke muka zaɓa. Na gan ki da idona kina shara, na ce to, sabuwa ce. Sai na buɗe littafi in rubuta, na ga katin nan shekararsa huɗu." Ta ɗora katin a kan tebur kusa da kofin. "Ni ban gane ba. Tsohuwa ba ta shara a garin nan. Ki faɗa mini da bakinki, sabuwa ce ke ko tsohuwa? In sabuwa ce, faɗi sunanki, kofi naki ne a wajena. Amma kin san abin da doka ta ce a kan kati."

Tsohon nan ya matso da rikodarsa. Ga makirfo, ga kofi, ga tambaya, komai ya zo daidai yadda na tsara. Abin da ban sa a cikin tsarin ba shi ne Oga Koci yana kallon ƙasa, jijiyar wuyansa tana motsi, da jinin da ke gangarowa cikin safar Amaka, da mata goma sha ɗaya a bayana da ke rungume da juna ba su san ana shirin soke musu damina guda ba. Ruwa yana ɗiga daga kwano yana faɗa wa littafin Madam, ta sa hannu ta kare. Sunana yana bakina, na ji ɗanɗanonsa.

Na ce, "Tsohuwa ce, Madam. Shekarata huɗu."

"To me ya kai ki ga tsintsiya?"

"Na ga ruwan ya yi musu yawa ne, na taya su."

Ta daɗe tana dubana. Ina jin ta gane, domin ta sauke ajiyar zuciya kafin ta tura mini katin. Ta ce, "Allah ya ba ki lada. Je ki."

Wata yarinya daga ƙungiyar garin Kuru aka ba. Aka kira sunanta da na ubanta, ta yi ta tsalle. Ta iya wasa, ban ce ba ta iya ba. Amaka ta riƙe hannuna ta ƙi saki. A hanyar fita Oga Koci ya ce mini, a hankali, yanzu duk jiha ta san fuskata da wannan suna, ba zai iya yi mini sabon kati ba ko baɗi ko baɗin baɗaɗa. Zagaye na gaba kuma a wani gari ne, mako biyu. Ba ƙaryar kwamfutar da za ta rufe mini mako biyu. Na miƙa masa riga mai lamba tara a jiƙe. A bas da aka kira salla na kwance bakin mayafi, dabinon ya jiƙe ya narke a cikin ƙullin. Na lashe shi haka nan.

Washegari da hantsi Baba ya ce in zo ya auna ni. Kullum mu ne na ƙarshe a ɗinkin Sallah, da abin da ya rage na lokaci. Ruwa yana zuba, rediyo a kashe, abin da ba a saba ba. Ya ciro tef daga wuyansa.

"Kin ji abin da aka yi wa yarinyar nan? Wai tsohuwa ce."

Na ce, "Na ji, Baba."

"Sabuwa ce. Ni na sani."

Ya auna kafaɗa, ya rubuta da alli a jikin katakon keke. Ya auna tsawo. Da ya zo hannu sai ya kama tafina ya juya shi, ya shafa kantar da babban yatsansa.

"Kwamfutar nan taku da tsintsiya ake danna ta?"

Bai jira amsa ba.

"Ɗaga hannu. A'a, sama sosai, kamar za ki jefa wani abu."

Na ɗaga. Ya zagaya tef a hammata, ya saki inci biyu a kan yadda ya saba, ya ce mai ɗaga hannu ba a matse mata riga. Sannan ya koma kan kujerarsa, ya sa tabarau, ya shiga neman bakin zare. Bai kalle ni ba ya yi maganar, kamar yadda bai kalle ni ba shekara uku da suka wuce.

"In kin haɗu da ita a can cikin gari, ki gaya mata. Da ta kai wa ubanta takardar nan, da ya yi faɗan kwana biyu. A na uku ya nemi biro."

Keke ya fara ƙara. Na tsaya hannuna a sama, na manta in sauke.

Ba mu sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Amaka ta yi wasa shekara shida a kudu, takan kira ni duk Sallah, har yau Nkechi take ce mini. Filin an yi masa rufi yanzu, an shafa masa fenti kore, ba mai share ruwa. Na taɓa wucewa na ga 'yan mata da hijabi suna wasa, kowacce da sunan ubanta a bayan riga da manyan baƙaƙe. Na tsaya a bakin waya na karanta su ɗaya bayan ɗaya, har wani mai gadi ya tambaye ni ko 'yata nake nema.

Rigar Sallar tana nan a ƙasan akwati, shuɗiya ce mai ƙananan furanni. Ta yi mini kaɗan ko'ina, ban da hammata.